Daga Rijiyar Dufuna Zuwa Bakin Kogin Yawuri: Tarihin Jirgin Katako da Masassaƙansa

A bazarar shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi ya shiga haƙa rijiya don shayar da dabbobinsa a gefen ƙauyen Dufuna, tsakanin Potiskum da Gashuwa, kusa da kogin Komadugu Gana. A lokacin wurin yana cikin tsohuwar Jihar Borno, yau kuwa yana Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe. Da haƙa ta yi zurfin kamar mita 5, sai ya ci karo da wani baƙin itace mai tauri kwance cikin laka. Bai yi shiru da abin da ya gani ba, ya kai labari ga shugabannin gari, labari ya yi ta hawa har ya iso kunnen masana. A shekarar 1994 ayarin masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta ƙasar Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig da Abubakar Garba, suka yaye ƙasar da ke bisansa da taimakon ma'aikata kusan 50. Abin da ya bayyana kwale-kwale ne sukutum, tsawonsa mita 8.4, faɗinsa rabin mita, kaurin jikinsa kamar santimita 5, an sassaƙa shi daga gungume guda na dangin maɗaci.

Aka ɗebi ɗan ɓallin itacen aka kai ɗakunan gwaji guda 2 a Jamus, duka suka ba da amsa iri ɗaya: shekarunsa sun kai 8,000. Har yau ba a tono jirgin da ya girme shi ba a duk faɗin Afirka, a duniya ma waɗanda suka riga shi ba su da yawa, kamar kwale-kwalen Pesse na ƙasar Holan. Jirgin Fir'auna Khufu da aka tono a gindin babban dalar Giza a 1954, wanda duniya ke tururuwar kallo, ƙanen bayansa ne da sama da shekara 3,000.

Tsufan kaɗai ya isa abin mamaki, amma abin da ya fi ɗaure wa masanan kai shi ne kyawun aikin. Goshin jirgin da wutsiyarsa an fiƙe su tsaf don su tsaga ruwa, jikinsa an rage shi ya yi sirantar da ba za ta hana shi ƙarfi ba. Wanda ya yi shi ba shi da ƙarfe, domin sai bayan dubban shekaru ƙira ta bayyana a wannan yanki. Da gatarin dutse ya yi, amma hannunsa ya riga ya faɗa. Ɗan koyo ba ya fitar da irin wannan aiki, wanda ya fara ƙirƙiro sana'ar ma ba zai iya ba. Ke nan akwai wanda ya koya masa, shi ma akwai wanda ya koya wa wancan, har iya inda hankali zai iya hangowa. A wancan zamani Tafkin Cadi wani makeken ruwa ne da ya ninka na yau sau da yawa, ƙasar da muke gani yanzu da yashi da ƙaya kuwa fadamu ne da koguna da manyan itatuwa. Mutanen wurin masu ruwa ne tun kafin a kafa Daura ko Kano ko Ngazargamu.

Gungume da gizago

Yadda aka yi jirgin Dufuna bai yi nisa da yadda masassaƙanmu suka ci gaba da yi ba har zuwa zamanin kakanninmu, illa dai ƙarfe ya maye gurbin dutse. Aikin daga daji yake farawa. Masassaƙi yakan daɗe yana zagayen itace kafin ya ɗora masa gatari, yana duba miƙewarsa, yana ƙwanƙwasa gindinsa ya ji ko akwai kogo a ciki. Kowane itace da halinsa. Maɗaci da kawo suna da nauyi da jure ruwa, gara ba ta cika damunsu ba, don haka jirginsu yakan daɗe. Rimi yana da girma da sauƙin sassaƙa, ga shi sakayau a kan ruwa, sai dai ba ya jimawa yake ruɓewa. Maje yana tsaka-tsaki. Ƙirya kuwa ta fi dacewa da inda ake son abin da ba ya karyewa.

In an kayar da itacen sai a daidaita gefen da zai zama baki, a shiga fafe cikinsa da gatari, a bi da gizago ana ɗauke ɓawo kaɗan-kaɗan. A nan gwaninta take. In aka bar jikin da kauri, jirgi ya yi nauyi, ya ƙi tafiya. In aka zarce, sara ɗaya ya isa ya ɓata aikin wata guda. In gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, jirgin zai riƙa karkata duk tsawon rayuwarsa. Masassaƙi ba shi da ma'auni sai tafin hannunsa da kunnensa: ya dafa ciki da waje ya ji kauri, ya ƙwanƙwasa ya saurari amo. Wannan hannu shi ne dai mai fitar da turmi da akushi da ƙota da kujerar tsugunno, amma a jirgi kuskure ba ya tsayawa ga asarar itace, domin rayukan mutane za a ɗora a kai.

Jirgin gungume yana da iyakar da ba ya wucewa, wato girman itacen da aka sara. A kurmin kudu, inda itatuwa ke tashi sambal, ana samun jirgin da zai ɗauki mutane da dama. A bakin hamada kuwa itatuwa gajeru ne, ga karkacewa. Wannan ƙarancin shi ya sa mutanen lanƙwasar Kogin Kwara, wajen Tambutu da Gawo, suka fito da wata dabara: su sassaƙa rabin jirgi daga wannan itace, rabi daga wancan, su huda bakunan su ɗinke su a tsakiya da igiya, su toshe kafofin. Daga ɗinkin gungume biyu aka kai ga ɗinkin alluna masu yawa, daga nan kuma girman jirgi ya daina dogara ga girman itace guda.

Daular da ta hau kan ruwa

Kogin Kwara, wanda ake kira Neja, yana da tsawon kilomita kusan 4,180. Yana tasowa daga tsaunukan Gini, ya nufi arewa har ya shafi gefen Sahara, sannan ya karyo kudu ta Nijar da Najeriya ya faɗa teku. Duk wanda ya karanta tarihin Mali da Songhai yakan ji labarin raƙuma da zinariya da dawaki, amma kaɗan ne ke tsayawa su tambayi abin da ya ciyar da Tambutu, birnin da ba ya noma abin da zai ishe shi. Jiragen ruwa ne. Raƙumi yakan taho daga mahaƙar gishiri ta Taudeni da allunan gishiri 4, a sauke a Tambutu, a kai tashar Kabara, a loda a jirgi guda abin da ayari sukutum ya kawo, a nufi Jenne. Daga can kuma a juyo da shinkafa da gero da goro da man kaɗe.

Masu wannan aiki su ne Bozo da Somono a sama, sai Sorko a ƙasar Songhai, masunta kuma mafarautan dorina. A 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya shiga wani ɗan jirgi da aka fafe daga itace guda ya gangara daga Tambutu zuwa Gawo, yana zaton a kan Kogin Nilu yake. Bayansa da shekara ɗari da 'yan kai, Sunni Ali, wanda ya mulki Songhai daga 1464 zuwa 1492, ya mai da jiragen Sorko rundunar yaƙi. Da su ya riƙa kai dakaru inda doki ba ya zuwa lokacin ambaliya, da su kuma ya yi wa Jenne ƙawanya har ta miƙa wuya. Shugaban rundunar ruwa, mai sarautar Hi-koi, yana cikin manyan fadar Gawo. Dogaron Sunni Ali ga jirgi ya kai har ya sa aka fara haƙa magudana daga Ras al-Ma don ya kai jiragensa Walata, cikin hamada, kafin yaƙi da Mosi ya janye shi daga aikin.

A 1828 Bafaranshen nan René Caillié ya bi irin waɗannan jirage daga Jenne zuwa Kabara, ya kuma bayyana su dalla-dalla. Manyansu sukan kai ƙafa 90 zuwa 100 a tsawo, an haɗa allunansu da igiya babu ƙusa, an cusa ciyawa da laka a kafofin ɗinkin, an yi musu rumfar tabarmi. Ruwa ba ya daina tsattsafowa, don haka akwai mutanen da aikinsu ke nan dare da rana, kwarfe ruwa da ƙwarya. Daga baya ƙusar maƙera ta kori igiya. Har gobe a bakin kogin Mopti ana ƙera manyan jirage da allunan maɗaci, maƙeri na gefe yana buga ƙusoshi daga tsofaffin ƙarafa.

Sarkawa, Gungawa da mutanen Kuta

Wani reshe na Sorko ya gangaro da kogi har ƙasar Kabi da Yawuri, ya zauna, ya ɗauki Hausa ta zama harshensa. Su ne Sarkawa. A tsibiran Yawuri kuma akwai Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu, wato tsibiri, ya fito, mutanen da yaro ke koyon riƙe filafili kusan tare da koyon tafiya. Ga Kabawa masunta a gulbin Kabi. Duk Bahaushen da ya san tarihin fataucin goro ya san cewa hanyar Gwanja ba ta yiwuwa sai da waɗannan mutane. Ayari zai taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna da kanwa da tufafi, madugu na gaba, a yi tafiyar makonni, sai a iso bakin Kwara a tsaya cak. Daga nan magana ta koma hannun masu fito. A yi ciniki, a biya kuɗin fito, a yini ana jigilar kaya da mutane da dabbobi. Sarakunan bakin kogi sun san darajar mashigi, shi ya sa kowane gari na ruwa yake da Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi, mai faɗa a ji a kan wanda zai tsallaka da lokacin da za a tsallaka.

In aka ƙara gangarawa sai ƙasar Nufe. Nufawa ma daga jirgi suke fara ba da tarihin sarautarsu, domin labarin gargajiyarsu ya ce Tsoede, wanda ya kafa daular, cikin jirgin tagulla ya gudo daga Idah ya hauro kogi. A cikinsu akwai Kede, 'yan kasuwar ruwa, masu sarki da ake kira Kuta a Muregi, inda Kogin Kaduna ya haɗu da Kwara. Su ke riƙe da jigilar kaya a dogon yanki na kogin, suna da zangonni a gaɓa kamar yadda fatake ke da su a tudu. Masanin nan S. F. Nadel, wanda ya zauna cikin Nufawa a shekarun 1930, ya yi rubutu na musamman a kan yadda suka tsara mulkinsu bisa ruwa.

Turawan da suka zo neman sanin inda Kwara ta dosa, su ma a kan aikin waɗannan masassaƙa suka hau. A ƙarshen 1805 Mungo Park ya harhaɗa jirgi a Sansanding daga sassan tsofaffin kwale-kwale guda 2, ya sa masa suna Joliba, ya gangaro da shi ya wuce Tambutu da Gawo har Yawuri. A duwatsun Busa tafiyar ta ƙare, shi da sauran Turawan da ke tare da shi suka halaka a farkon 1806. A 1830 Richard Lander, wanda ya taɓa zuwa a matsayin baran Clapperton, matafiyin da ya rasu a Sakkwato, ya dawo tare da ƙanensa John. Suka ziyarci Yawuri, suka yi ta roƙon sarakuna jirgi, da kwale-kwalen mutanen kogi suka gangara har teku, suka warware abin da ya daɗe yana damun masana ƙasa na Turai. A kusa da Rabba sun gamu da wani basarake cikin ƙasaitaccen jirgi da matuƙa masu yawa, suka rubuta sarautarsa yadda kunnensu ya ji, wadda ba wata ba ce illa Sarkin Ruwa. Littattafai sun riƙe sunayen matafiyan, amma ba su riƙe sunan ko ɗaya daga waɗanda suka sassaƙa jiragen da suka ɗauke su ba.

Zamanin ƙusa da inji

Ƙarni na 20 ya zo da abubuwan da suka sauya sana'ar daga tushe. Jiragen tururi na kamfanonin Turawa suka riƙa haurowa daga teku zuwa Lakwaja da Baro. Layin dogo daga Baro ya iso Kano a 1911, bayan 'yan shekaru aka gama gadar Jebba, sannan motocin ɗaukar kaya suka biyo baya. Goro ya koma jirgin ƙasa, manyan mashigai suka rage armashi. Duk da haka jirgin katako bai mutu ba, domin dubban ƙauyukan bakin ruwa ba su ga kwalta ba, har yau ma da yawansu ba su gani ba. Abin da ya faru shi ne jirgin ya sauya kama. Injin yankan katako ya kawo alluna masu faɗi, kanti ya kawo ƙusa da kwalta da langa-langa, daga baya injin da ake ratayawa a wutsiya ya zo ya hutar da masu filafili da gora. Masassaƙi ya zama rabin kafinta.

Babban juyi ya zo da madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 100, ya haɗiye tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Mungo Park, ya shanye tsibirai da gonaki, aka tashi mutane kusan 44,000 aka sake musu matsuguni. Mutanen da suka gaji sanin kogi, suka san kowane dutse da kowace mashiga, suka wayi gari a bakin wani ruwa dabam, mai faɗi, mai iska da igiyar ruwa. Ɗan siririn kwale-kwalen gungume bai dace da shi ba. Maƙeran jirgi na Yawuri da sauran garuruwan tafkin suka amsa da manyan jiragen alluna masu shimfiɗaɗɗen gindi da dogayen gefuna, masu ɗaukar buhuna da babura da shanu da mutane ranar kasuwa. Babu makarantar da ta zana musu wannan fasali, su suka lalubo shi da gwaji da gyara. Sai dai tafkin ya ɓoye wani mugun abu a cikinsa: itatuwan da ruwa ya shanye suna nan tsaye a ƙarƙashi, kututturansu na jiran gindin jirgi, musamman in ruwa ya ja baya.

Wanda ya taɓa tsayawa inda ake ƙera irin wannan jirgi ya san abin kallo ne. Babu takarda, babu zane. Maigidan aiki zai shimfiɗa allunan gindi a kan yashi, ya ja igiya, ya duba da ido, ya ce a rage nan a ƙara can. A kafa haƙarƙari, a lanƙwaso allunan gefe a hankali don kada su tsage, a bi da ƙusa. Sai aikin toshiya, wanda shi ne ran jirgi: a cusa tsumma ko auduga a kowace tsaga, a shafe da kwalta, a rufe da langa-langa a bi da ƙananan ƙusoshi jere reras. Yaron gida yana farawa da miƙa ƙusa da dafa kwalta, ya shekara yana kallo kafin a ba shi zarto, ya ƙara wasu shekaru kafin a yarda ya yanke fasalin goshi. Ilimin duka a ka yake da hannu, shi ya sa duk tsohon maƙerin da ya rasu ba tare da ya yaye yara ba, da abin da ya sani ake binne shi.

Itace ya yi wuya, ruwa ya ci mutane

Abu biyu ne suka taso wa sana'ar a zamaninmu. Na farko itace. Manyan maɗatai da kawo da ake samu a bakin rafi sun yi ƙaranci, noma da gawayi da masu injin yanka sun cinye su. A shekarun 2010 aka yi rububin sare madobiya ana fitar da ita zuwa Sin, har dazuzzuka da dama suka zama fili. Abin ya kai a 2022 aka sa maɗaci da kawo na Afirka cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido a cinikinsu tsakanin ƙasashe. Yau maƙerin jirgi a arewa yakan jira katako daga kudu, da tsada, wani lokaci ɗanye, wani lokaci na itacen da kakansa ba zai yarda ya yi ko benci da shi ba. Mai jirgi kuma, ganin kuɗin sabo ya fi ƙarfinsa, sai ya yi ta faci a kan faci.

Na biyu ya fi ciwo. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa kasuwar Warra a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi ya dare biyu a tsakiyar ruwa da mutane fiye da 150, waɗanda aka ceto da rai kusan 20 ne kawai. A watan Nuwamba na shekarar, a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29, galibinsu yara. A watan Yuni na 2023, a yankin Patigi na Jihar Kwara, 'yan biki da ke komawa gida cikin dare suka nutse, sama da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Bayan irin waɗannan masifu ne hukumomi suka yi ta kira da a daina amfani da jiragen katako a koma na roba da na alminiyam.

Duk mai imani zai fahimci inda wannan kira ya fito, kuma gaskiya ne akwai ruɓaɓɓun jirage da bai kamata su ƙara taɓa ruwa ba. Amma in aka bi bayanan da aka bayar bayan kowane hatsari, abubuwan da ke ta maimaituwa su ne lodin da ya wuce ƙima, tafiyar dare babu fitila, karo da kututture, rashin rigar kariya, da tsufan jirgin da aka ƙi yi wa ritaya. Jirgin roba ma in aka ɗora masa ninkin abin da zai iya, aka tura shi cikin duhu, ruwa ba zai yi masa sassauci ba. Ga kuma tambayar da mutumin ƙauye zai yi: in jirgin roba ya fashe, wa zai gyara masa, da me, kuma nawa? Na katako dai maƙerinsa na nan bakin gaɓa, da guduma da ƙusa, kafin la'asar ya koma ruwa. Haramcin da bai zo da madadin da talaka zai iya saya ba, ƙarshensa jiragen su koma tashi a ɓoye, inda babu mai ƙirga fasinja.

Yadda wasu suka riƙe nasu

Ba mu kaɗai ne zamani ya zo wa da wannan jarrabawa ba. A ƙasar Denmak, a 1962, an tono jirage 5 na zamanin Baikin daga ƙarƙashin ruwa kusa da Roskilde. Suka gina musu gidan tarihi, amma ba su tsaya nan ba, suka buɗe wurin ƙira a gefensa, inda ake sake yin irin jiragen da gatari kamar yadda aka yi su tun farko, yara da baƙi na kallo, masu koyo na koyo. Ɗaya daga cikin sababbin da aka ƙera, mai tsawon mita 30, an sa shi a ruwa a 2004, a 2007 kuma aka tuƙa shi har Dublin. A 2021 hukumar UNESCO ta sa sana'ar ƙera jiragen katako ta ƙasashen arewacin Turai cikin gadon al'adun duniya, kamar yadda ta yi wa ta jiragen Pinisi na Indonesiya a 2017. Ƙasar Oman kuwa ta sa an ɗinka jirgi da igiyar ɓawon kwakwa, babu ƙusa ko ɗaya, bisa fasalin wani jirgin Larabawa na ƙarni na 9 da aka gano a ƙarƙashin teku, aka tuƙa shi zuwa Singafo a 2010. A duk waɗannan wurare abin da aka fahimta ɗaya ne: adana tsohon jirgi a ɗaki yana da kyau, amma sana'a ba ta zama sai ana yin ta.

Mu ma muna da abin kamawa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin UNESCO a 2016, kuma tseren kwale-kwale na cikin wasanninsa. Yawuri na da bikin Rigata. A irin waɗannan ranaku ana yaba matuƙi, ana ba shi kyauta, ya kamata a riƙa kiran wanda ya ƙera jirgin shi ma a tsayar da shi gaban jama'a. Jami'o'in da ke kusa da ruwa za su iya tura ɗalibai su zauna da tsofaffin maƙera, su auna jiragensu, su ɗauki aikinsu a hoto, su rubuta sunan kowane sashe na jirgi da Hausa da Nufanci da Zabarmanci da harshen Gungawa tun masu sanin suna raye. Hukumar kula da hanyoyin ruwa, maimakon ta tsaya daga nesa, ta zauna da maƙera da Sarakunan Ruwa a yarda a kan kaurin katako, da adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka a rubuta a jikinsa, da shekarun da zai yi kafin a sake duba shi. Maƙerin da ya yi jirgi ya fi kowa sanin inda zai fara ruɓewa. Sannan a dasa maɗaci da kawo a bakin koguna, ko da yake wanda ya dasa ba shi zai sara ba.

Mu Musulmi mun taso da labarin Annabi Nuhu, alaihis salam, wanda Allah Ya umarta ya ƙera jirgi, mutanensa na wucewa suna yi masa dariya. Sana'ar da Annabi ya riƙa da hannunsa ba abin rainawa ba ce. Kwale-kwalen Dufuna yana Damaturu yanzu, inda aka kai shi don adanawa, kuma ya cancanci kowane ɗan makaranta a arewa ya je ya gan shi. In yaro ya gama kallonsa, sai a kai shi bakin ruwa a Yawuri ko Muregi, ya ji ƙarar guduma da ƙaurin kwalta, a nuna masa dattijon da ke duba allo da ido ɗaya a rufe, a gaya masa cewa wannan da wancan aiki ɗaya ne. Laka ta riƙe mana na farko shekara 8,000 ba tare da mun roƙe ta ba. Na biyun kuwa yana hannun mutane masu tsufa, kuma zai kai ga jikokinmu ne kawai in an samu yaran da za su zauna kusa da su su karɓi gizago.